Gazawar Zuciya a Jikin Mace, da Dalilin da Ya Sa Wasu Ke Daɗewa a Layin Dashe

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Daga Makka nake rubuto maka, nan aka haife mu, asalin iyayenmu Kano. Yayata shekararta 39, haihuwarta bakwai. Tun jegon autarta, yau shekara huɗu ke nan, take fama da haki da kumburin ƙafa, ba ta iya barci sai a jingine. An ce ƙarfin zuciyarta ya sauka zuwa 20, aka tura ta Riyad, aka sa ta a layin dashen zuciya. Amma an ce akwai wasu abubuwa a jininta da za su sa a daɗe ba a samu wadda ta dace da ita ba. Wani abokin mijinta da ya shiga layin bayanta har an yi masa ya dawo gida. Ga Ummarmu kuma, shekararta 70, haki ya hana ta ɗawafi da ƙafa sai a keke, amma an yi mata eko, wato hoton zuciya, an ce ƙarfin zuciyarta 60, wai lafiya lau. Likita, fifita maza ake yi ne? Ana iya sa wa mace zuciyar namiji, kuma halinta ba zai sauya ba? Me kuma ke damun Umma?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ba Umma da Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Hukuncin ƙarshe yana hannun likitocin da ke riƙe da fayil ɗinsu, amma bayanin da kika kawo ya isa a gane inda maganar ta dosa.

A ƙa'idar layin dashe babu inda aka rubuta namiji gaba, mace baya. Abin da ake dubawa shi ne rukunin jini, girman jiki, tsananin ciwo, daɗewa a layi, da kuma ko jikin mai karɓa zai amince da zuciyar da ta samu. Duk da haka zarginki bai faɗi ƙasa ba. A duniya baki ɗaya, cikin manya huɗu da ake yi wa dashen zuciya kusan uku maza ne, alhali mata su ne kusan rabin masu gazawar zuciya. Wani sashe na wannan giɓin daga halittar jikin mace yake, wani daga mu likitoci, wani kuma daga cikin gida. Da Umma zan fara, domin “lafiya lau” ɗin nan bai kwanta mini ba.

Lambar da ake faɗa bayan eko, ko 20 ko 60, tana nuna abu ɗaya ne kawai: cikin jinin da ya taru a babban ɗakin zuciya na hagu, kashi nawa cikin ɗari ne yake fita a bugu ɗaya. Mai lafiya yakan fitar da kashi 55 zuwa 70. Idan lambar ta sauka zuwa 40 ko ƙasa, tsokar ta yi rauni, ba ta matsawa, irin na Yaya ke nan. Amma akwai gazawar da wannan lamba ba ta tona ta. Ki ɗauki salka biyu. Ɗaya ta tsufa ta saki, ko an matsa ta ruwa kaɗan ke fita. Ɗayar ta bushe ta ƙandare, duk abin da aka zuba mata tana juye shi, sai dai ba ta buɗewa ta karɓi da yawa. Zuciyar da ta ƙandare takan ba da 60 a takarda, amma jinin da ya rasa wurin shiga sai ya koma baya ya takura huhu, mutum ya taka matakala kaɗan ya tsaya yana haki. Kusan rabin masu gazawar zuciya irin wannan ke gare su, kuma tsofaffin mata sun fi yawa a cikinsu.

Dalilin haka a bayyane yake. Zuciyar mace ta fi ta namiji ƙanƙanta ko da tsayinsu ɗaya, kuma idan hawan jini ya daɗe yana dukanta, bangonta kauri yake yi ta ciki ya matse ɗakin, ita kuwa ta namiji ta fi saurin buɗewa ta saki. Bayan ɗaukewar al'ada sinadarin estrojin yana raguwa, manyan jijiyoyin jini su yi tauri, zuciya ta riƙa turo jini da ƙyar. Ciwon suga kuma ya fi yi wa zuciyar mace ɓarna. Tun 1974 binciken garin Framingham na Amurka ya nuna cewa suga yana ninka haɗarin gazawar zuciya kusan sau biyu ga namiji, amma sau biyar ga mace. A Saudiyya, ƙasar da kusan ɗaya cikin manya biyar ke da suga, ƙiba kuma ta fi yawa ga mata, ga zafin da ke hana mutum taka ƙafa tun daga hantsi har bayan la'asar, ba sai an yi dogon bincike ba kafin a zargi wannan ciwon a jikin tsohuwa mai haki.

Ku koma da ita. Ku roƙi a yi mata gwajin jini na NT-proBNP, wanda yake hawa idan zuciya na cikin matsi. Idan Umma mai jiki ce, a lura ƙiba tana sauko da lambar gwajin, don haka ɗan hawa kaɗan ma abin dubawa ne. A sake karanta eko ɗin, wannan karon a dubi kaurin bango, girman ɗakin sama na hagu, da yadda jini ke shiga, ba yadda yake fita kaɗai ba. A ɗauki awon bugun zuciya na lantarki, domin rikicewar bugu ta yi yawa a wannan shekarun kuma tana janyo shanyewar ɓarin jiki. A duba yawan jini, ƙoda, maƙoƙo da huhu, tunda su ma suna sa haki. Shekarun baya ba mu da abin ba irin waɗannan marasa lafiya sai Lasix mai cire ruwa da maganin hawan jini. Daga 2021 da 2022 manyan gwaje-gwaje biyu suka tabbatar cewa Jardiance da Forxiga, waɗanda asalinsu maganin suga ne, suna rage kwanciya asibiti ga mai ƙandararriyar zuciya ko ba shi da suga. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda tsohuwa za ta ce tana haki a ce tsufa ne, matashiya ta ce tana haki a ce damuwa ce, amma magidanci ya dafe ƙirji sau ɗaya a kwashe shi sai ɗakin gaggawa. Matar da bara ta yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafarta, bana kuma sai keke, wani abu ne ya same ta, shekara ɗaya ba ta tsufar da mutum haka.

Ciwon maza hanyarsa daban. Yawanci toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ne, sigari da shisha da kitse a jini suna taimaka masa, kuma yana kama su kusan shekara goma kafin ya kama mata. Wani sashe na tsokar ya mutu ya zama tabo, sauran ya saki, lambar eko ta faɗi, mutum yana ɗan hamsin da wani abu. Irin wannan ne dashe yake yi wa magani, a kuma shekarun da ake yarda a yi shi. Mata da yawa sai sun haura saba'in ciwon ke kama su, lokacin an wuce shekarun dashe a yawancin cibiyoyi, kuma nau'insu ba dashe ne maganinsa ba. Wannan ya ɗauki kaso babba na giɓin, amma bai cinye shi ba. An sha nunawa cewa ko da ciwon iri ɗaya ne, mace takan isa hannun ƙwararru a makare, ba a cika yi mata hoton jijiyoyin zuciya ko a dasa mata na'ura da wuri kamar namiji ba.

Akwai kuma ciwukan da kusan na mata ne. Mummunan labari, kamar rasuwar miji ko ɗa, yakan sa zuciya ta saki farat ɗaya kamar an samu toshewar jijiya, alhali jijiyoyin a buɗe suke. Likitocin Japan ne suka fara bayyana shi a 1990, tara cikin goma na masu shi mata ne da suka daina al'ada, kuma yawanci yana warkewa cikin makonni. Wasu magungunan sankarar mama suna raunana zuciya. Ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi maganinsa ba yakan tsuke bawul ɗin hagu, wato ƙofar da jini ke bi a cikin zuciya, ya fi samun mata, sau da yawa kuma ciki ne yake tona shi.

Na Yaya kuwa, yadda kika faɗe shi, ya yi kama da raunin zuciya na jego: zuciya ta saki a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, ba tare da wani dalili na daban ba. Wannan ciwo duk likitan zuciya da ya karanta shi ya ci karo da sunan ƙasar Hausa. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka rubuta daga asibitin koyarwa na Zariya cewa kusan mai jego ɗaya cikin ɗari tana kamuwa da shi, adadin da ba a taɓa gani a ko'ina ba. A Amurka ɗaya ce cikin dubu ko dubbai, kodayake can ma baƙaƙen mata sun fi kamuwa. Su Davidson sun ɗora laifin a kan kunun kanwa, wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. An daɗe a kan haka, sai binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya, wanda aka buga a 2020, ya sake samun adadin da ya kusa ɗaya cikin ɗari a arewa maso yamma, amma ya nuna hawan jinin ciki, rama da talauci sun fi al'adun jego alaƙa da ciwon. Ayyukansa sun kuma nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu shi. Ni dai ra'ayina, ko kanwa ba ita ta kawo ciwon ba, gishiri ce tsagwaronta, gishiri kuwa ruwa yake tarawa a jiki. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura ba a ɗura mata kunun kanwa, ko a Kano take ko a Shara Mansur.

Gado ma yana ciki. An gano cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na masu wannan ciwo suna ɗauke da tangarɗa a ƙwayoyin gadon da ke gina tsokar zuciya. Saboda haka ke kanki, Hajiya, da sauran 'yan'uwanku mata da 'ya'yan Yaya idan sun girma, ku riƙa gaya wa likitan awon ciki cewa akwai wannan a gidanku. Duk wadda ta ga haki yana hana ta kwanciya a ƙarshen ciki ko a jego, eko za a yi mata, ba haƙuri za a ba ta ba. Mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa cikin wata shida zuwa shekara idan an fara magani da wuri. Matsalar ita ce alamominsa sun yi kama da wahalar jego ta yau da kullum, sai a yi ta cewa jini ne bai dawo ba har lokaci ya ƙure. Wadda ta shekara huɗu lambarta na 20, ba a zama jiran ta warke da kanta.

Wata magana mai nauyi, amma dole in faɗe ta: kada Yaya ta sake ɗaukar ciki. Da zuciya irin wannan ciki na iya zama ajali, kuma maganin zuciya na Entresto da danginsa suna lalata ɗan tayi. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu estrojin ba su dace da ita ba saboda daskarewar jini. Ashanar hannu ko robar mahaifa sun fi. A zaunar da mijinta a gaban likita ya ji da kunnensa, kada a bar ta ita kaɗai ta kai masa saƙon.

Kafin dashe ma ina so ku tabbatar tana kan duk abin da ya kamata. Ginshiƙan maganin raunanniyar zuciya huɗu ne a yau: Entresto ko makamancinsa, Concor ko danginsa, Aldactone, sai Forxiga ko Jardiance. Lasix ruwa kawai yake cirewa, ba ya cikin masu tsawaita rai. A nan ma akwai labarin mata. Gwajin da ya fito da Entresto a 2014 ya ɗauki mutum fiye da 8,000, mata kusan ɗaya ne cikin biyar, kuma haka yawancin gwaje-gwajen da aka gina awon magungunan nan a kansu suke. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna mata suna samun cikakken amfanin wasu daga cikinsu a kusan rabin awon da aka tsara, ƙari a kan haka jiri da faɗuwar jini yakan ƙara musu. Wannan ba izini ba ne ta rage wa kanta magani. Amfaninsa shi ne idan jiri ya dame ta, ta koma a daidaita awon maimakon ta ajiye ƙwayar a ƙarƙashin matashi. Digoksin, wani maganin zuciya, yana saurin taruwa a jinin mace, sai da awon jini akai-akai. A duba mata sinadarin ƙarfe, domin haihuwa bakwai da jinin al'ada sukan ƙarar da shi, ƙarinsa ta jijiya kuma yana rage haki. Idan awon lantarki ya nuna ɓangarorin zuciyarta ba sa bugawa tare, akwai na'urar da ake dasawa a ƙarƙashin fata ta daidaita su, kuma abin mamaki mata sun fi maza cin moriyarta, amma su ne ba a cika sa wa ba.

Yanzu ga abin da aka ce yana jininta. Kowane ɗan Adam ƙwayoyin jikinsa suna ɗauke da wani tambari da ake kira HLA, rabi daga uwa, rabi daga uba. Da shi garkuwar jiki take bambanta nata da baƙo. Jaririn da ke ciki rabin tambarinsa na ubansa ne, wato baƙo ne ga jikin uwar. A lokacin ciki, musamman wajen haihuwa, jinin ɗa yakan ɗan gauraya da na uwa, sai garkuwarta ta ƙera antibodi, wato sinadaran yaƙi da wannan tambarin, ta adana su. Ba kowace mace ba, amma kowane ciki yana ƙara yiwuwar hakan, har wanda ya zube. Ƙarin jini ma haka yake yi, idan an taɓa ƙara mata. A rayuwar yau da kullum waɗannan antibodi ba sa cutar da ita da komai. Ranar da aka sa mata zuciyar da ke ɗauke da irin tambarin da suka sani, a nan ne za su far mata, wani lokaci cikin sa'o'i.

Shi ya sa ake auna su a fitar da lamba da ake kira PRA, daga sifili zuwa ɗari. Idan ta Yaya 80 ce, cikin zuciya goma da za a samu takwas ba nata ba ne, ko da rukunin jini da girma sun yi daidai. Abokin mijinta bai taɓa ɗaukar ciki ba, idan kuma ba a taɓa ƙara masa jini ba lambarsa na iya zama sifili, duk zuciyar da ta zo daidai jininsa tasa ce. Rukunin jini ma yana da tasiri: mai O daga mai O kaɗai yake karɓa, don haka ya fi kowa jira, mai AB kuwa daga kowa yake karɓa. Yana kuma yiwuwa jikinsa ya rikice aka kwantar da shi a kan na'urori, wanda ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman kuwa yana gaban wanda ke jira a gida. Ki haɗa wannan da ƙarancin zukatan kansu, gommai ne ake dasawa a duk faɗin Saudiyya a shekara, za ki ga yadda wanda ya zo baya zai riga ta ba tare da an yi mata zalunci ba.

Ku tambayi likitocin lambar PRA ɗinta, da ko suna da shirin rage ta. Ana yi: a tace ruwan jini da na'ura a cire antibodin, a ƙara mata wasu sinadaran garkuwa ta jijiya, a ba da allurar da ke danne ƙwayoyin da ke ƙera su. Ba kullum yake ci ba, yana kuma buɗe ƙofa ga cututtuka, shi ya sa ba kowa ake yi wa ba. Abin da ke hannunku shi ne kada a ƙara mata jini a ko'ina sai dole, kuma sai an sanar da cibiyar dashen. Na san halinmu, da an ce jini sai miji ya naɗe hannun riga, 'ya'ya su yi layi. Su bayar a ajiye wa wasu, amma ita jinin mijinta da na 'ya'yanta shi ne ya fi tayar da antibodin da muke so su kwanta.

Idan jira ya yi tsawo jiki kuma yana ja baya, za su iya kawo maganar famfon da ake dasawa a ƙirji ya taya ɗakin hagu aiki, irin HeartMate 3. Na da can manya ne, ba sa shiga ƙirjin mace mai ƙaramin jiki, wannan ma ya daɗe yana hana mata da yawa samunsa. Na yanzu ƙanana ne. Sai dai yana tafiya da warfarin, maganin tsinka jini, wanda ke ƙara jinin al'ada, ga waya da ke fitowa ta ciki zuwa batir, wanka sai da dabara, kuma shi ma yakan ƙara antibodi.

Zuciyar namiji a ƙirjin mace kuwa, ana yi kullum, tunda yawancin masu bayarwa maza ne matasa da haɗarin mota ko zubar jini a ƙwaƙwalwa ya rutsa da su. Dashen farko ma a duniya, wanda Christiaan Barnard ya yi a Cape Town ranar 3 ga Disamba 1967, zuciyar budurwa 'yar shekara 25 ce aka sa wa magidanci, ya yi kwana 18 ciwon huhu ya ɗauke shi. Abin da aka lura daga baya shi ne namijin da aka sa wa zuciyar mace ya fi fuskantar haɗari a farko, da aka bi diddigi kuma sai aka ga yawanci girma ne: ƙaramar zuciya an ba ta babban jiki. Saboda haka yanzu cibiyoyi suna lissafa nauyin zuciyar mai bayarwa da ta mai karɓa daga tsayi, nauyi, shekaru da jinsi. Mace ta karɓi ta namijin da bai fi ta girma sosai ba, babu laifi a ciki.

Halinta ba zai sauya ba. Tunani, tuna baya, so da ƙi, aikin ƙwaƙwalwa ne, sinadaran da ke sa mace ta zama mace kuma daga ƙwan mahaifarta suke fitowa, tsokar zuciya ba ta ƙera su. Amma bari in gaya miki abin da za ku iya gani, don kada 'yan dubiya su ruɗa ku. Bayan dashe ana shan magungunan danne garkuwar jiki: firednisolon yana kumbura fuska, ya sa saurin fushi da rashin barci. Saiklosforin yana fito da gashi a fuska da hannu, nan take wata za ta ce ai ga shi nan, zuciyar namiji ta fara aiki. Magani ne, idan an sauya shi gashin ya tafi. Takrolimus kuma rawar hannu yake sawa da zubar gashin kai. Sabuwar zuciyar an yanke jijiyoyin da ke haɗa ta da ƙwaƙwalwa, don haka ko a zaune tana bugawa 90 zuwa 110 a minti, kuma takan ɗan yi nawa kafin ta ƙara sauri idan an tashi tafiya.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci don ceton mai rai tun 1982, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta zartar da haka a zamanta na Jidda a 1988, bayan ta tattauna mutuwar ƙwaƙwalwa a Amman a 1986. Akwai malaman da har yau suke da ja a kan mutuwar ƙwaƙwalwa, mai son natsuwa ya zauna da malamin da ya yarda da shi. An yi dashen zuciya na farko a ƙasar nan a Riyad a 1986, asibitin ƙwararru na Sarki Faisal ne yake yin mafi yawa a yau, a can ne ma aka yi wa wani yaro ɗan shekara 16 dashe da mutum-mutumin tiyata a 2024. Rajistar bayar da gaɓa tana cikin manhajar Tawakkalna. Ina ambatar ta ne saboda gidaje da yawa suna son a ba nasu, amma ranar da aka roƙe su sai su kau da kai.

Bayan dashe jikin mace ya fi yawan yunƙurin ƙin zuciyar a shekarar farko, musamman wadda ciwon jego ya kai ta, don haka za ta sha zuwa ana ɗiban ɗan tsokar zuciya ana dubawa. Idan an haye wannan, mata suna rayuwa daidai da maza ko su ɗan fi su, kuma rabin waɗanda aka yi wa suna wuce shekara 12. Za a kula da ƙashinta, domin firednisolon yana cin ƙashi, ga ƙarancin bitamin D da ya zama ruwan dare ga matan ƙasar nan. Maikofenolet, shi ma maganin danne garkuwa ne, yana nakasa ɗan tayi, maganar tazara tana nan daram. A watannin farko cunkoson Harami ba nata ba ne, balle lokacin Hajji da goman ƙarshe. Idan kuna da niyyar kai ta ganin dangi Najeriya wata rana, ku yi maganar rigakafin shawara tun yanzu, domin bayan dashe ba a yi wa mutum shi.

Saura abin da ba ya cikin jini. Cibiyar dashe ba ta ba mutum zuciya sai ta ga wanda zai tsaya masa: mai raka shi asibiti, mai lura da awannin magani, mai ɗaukar waya da tsakar dare. Zuciya ba ta wuce kamar awa huɗu a wajen jiki, tsakanin Makka da Riyad kuwa fiye da kilomita 800 ne, don haka za su iya cewa ta koma kusa da su da zama. Namiji idan ya kwanta, matarsa ce wannan mutumin, ba a ma tambaya. Mace idan ta kwanta sai a fara duban juna: wa zai riƙe yara bakwai, miji yana aiki, wa zai bi ta Riyad? Na ga matan da da bakinsu suka ce a cire su daga layi don kada su ɗora wa kowa nauyi, aka kuwa rubuta cewa su suka ƙi. Ku zauna ku fitar da mutum biyu da sunansu, ɗaya ya gaji ɗaya ya karɓa, ku kai wa cibiyar. Maganar takardu, iƙama da inshora ma ku warware ta da ofishin jin daɗin marasa lafiya tun yanzu, kada ranar kira ta zo ana neman sa hannu.

Kafin nan, ita da Umma duka su hau sikeli kowace safiya bayan fitsari. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne ya taru, a kira likita. A rage gishiri, dunƙule, kanwa, zaitun da cukun gwangwani. Idan an ƙayyade wa Yaya ruwan da za ta sha a yini, shayi da kunu da Zamzam duk suna cikin lissafin. Brufen da Voltaren suna tara ruwa suna kuma taɓa ƙoda, idan Umma na da ciwon gwiwa a nema masa wani maganin. Mai lamba 20 da ke jiran dashe tana cikin waɗanda likitoci ke hana azumi, ta tambayi malami hukuncin ciyarwa. Umma kuma sai an gama bincikenta a ga yadda za a jera mata magani tsakanin buɗa-baki da sahur. Haki a zaune, suma, tari mai kumfa ko bugun zuciya da ya rikice ya ƙi lafawa, waɗannan ba a jiran ranar ganin likita, a kira motar agaji a 997.